Na Kai Muryata Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A bakin masallaci, a wajen mai shayi, har a wajen jana'iza sai wani ya matso ya ce, "Ladan, wai da gaske ƙanƙara aka ɗora maka ka warke?" Na gaji da gyara labarin, domin duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa zan faɗe shi tun daga tushe, iyakar abin da na gane, don akwai wuraren da har yau kaina a ɗaure yake.

Ni ne ladanin masallacin unguwarmu a Sandamu. Na gaji kiran salla daga mahaifina, tun lokacin da yake hawa katanga ya yi shi da baki, babu lasifika. Ciwon da ya same ni kuwa ban san ranar da ya fara ba. Da asuba garau nake, muryata har rugar Fulani ta bayan gari ana jin ta. Azahar ma da dama-dama. Amma da rana ta karkata sai fatar idona na hagu ta fara sauka kamar labule, in ga mutum ɗaya ya zama biyu, harshe ya yi nauyi, magana ta koma fita ta hanci. In na sa loma a baki, kafin in tauna ta muƙamuƙi ya gaji. In na kwana na tashi kuma, kamar ba ni ba.

Babu inda ban je ba. Na sha rubutu, an yi mini ruƙiyya, an turara ni har rigunana suka koma warin hayaƙi. Manyan asibitoci ma na je, nan kusa da can nesa. Ni kuma mutum ne mai son sammako, ina idar da asuba nake sa babbar rigata in kama hanya don in zama na farko a layi. Sai a auna ni, a ce jini lafiya, suga babu, je ka huta Malam, tunani ne ya yi maka yawa.

Lokacin ba a daɗe da kawo Shari'a ba, an rufe gidajen giya, kowa idonsa na kan kowa. To mutumin da yake garau da safe, da yamma ido a lumshe, harshe na harɗewa, yana tafe yana dafa bango, me kake so mutane su ce? Ba wanda ya faɗa mini a fuska. Amma ranar da muryata ta narke a tsakiyar kiran la'asar, kowa na ji ta lasifika, Liman ya kira ni gefe. Ya ce dattawa sun ga ya kamata in huta da la'asar da magariba da lisha, sauran biyun kuma za a zauna a duba. Na san abin da "a duba" yake nufi. Za a karɓe abin da ubana ya bar mini, kuma da sunan da ba a faɗa da ƙarfi.

Ana cikin haka wani baƙo ɗan Damagaram ya yi salla a masallacinmu, ya ƙare mini kallo, ya ce ya taɓa ganin wata mata mai irin idona a garinsu, kuma wata likita ta can ta yi mata magani. Da na gaya wa Liman za ni Faranshi, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran Nijar, sai ya dube ni ta wutsiyar ido. Kowa ya san abin da ke kai wasu tsallaken iyaka tun da aka rufe gidajen giyar nan gida.

"Ga Kano, ga Zariya, sai Faranshi, Ladan?"

"Allah gafarta Malam, na je inda zan je a nan."

"To ba laifi. Alhaji Buba zai raka ka, ya san hanya."

Alhaji Buba ɗan kasuwar shanu ne, yana cikin dattawan masallaci, mutum ne mai jiki wanda ba ya dariya sai da dalili. Na yi godiya. Ni ba yaro ba ne, na san ba hanya kawai aka ce ya nuna mini ba. Matata Hajara ta dama mini fura a gora, ta raka ni zaure, ta ce Allah ya sa a dace.

Mun fita da sassafe, amma a tashar Daura motar ta ƙi cika. Da ta cika kuma sai direba ya ɓace, wai ya je karyawa. Muna isa Mai'adua muka tarar ranar kasuwa ce, shanu sun rufe titi, Alhaji Buba kuwa ya leƙa ta taga yana taya wani bijimi da ba shi da niyyar saye. Tun a nan ya ce, "Ladan, kawo gorar nan in riƙe maka, kada ta dame ka." Na miƙa masa. Da ya ga na juya kai sai ya buɗe murfin ya kai hanci. Na yi kamar ban gani ba, amma raina ya sosu ƙwarai.

Ba mu kai Kongolam ba sai bayan azahar. Na zaci iyakar ƙasa wani babban abu ne, ashe ƙarfe ne aka gitta a titi, da 'yan rumfuna, da masu canji, da jarkoki ta ko'ina. Alhaji Buba ya san kowa, daga ɗaga hannu sai muka wuce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutanen da muka bari da waɗanda muka tarar duk ɗaya ne, hula ɗaya, gaisuwa ɗaya, sai dai kakin masu tsaro ya canza launi. Muna jiran mota a wancan gefen ciwon ya iso a kan lokacinsa. Na nemi ruwa a wajen wani mai shayi, maganar ta fito ta hanci a harɗe. Ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kai, Alhaji! Mutanenku sai sun tsallako suke yin tatul. Shi wannan daga gida ya taho da nashi?"

"Ladaninmu ne," in ji Alhaji Buba, fuska a murtuke.

"Ashsha. Allah ya shirya."

Na so in ba shi amsa, bakin ya ƙi. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a ciwon nan, daidai lokacin da kake buƙatar kare kanka, lokacin ne harshe yake kwanciya.

Wata tsohuwar fijo muka shiga, aka cusa mu tsakanin buhuna da jarkoki. Kafin mu kai Matamaye duk motar ta zama asibiti. Wata Hajiya mai fataucin atamfa ta ce sammu ne, ta ga irinsa a kan mijin ƙanwarta. Wani Buzu mai rawani ya ce iska ce, in nemi nonon raƙuma. Direba ya waiwayo, mota na gudu, ya ce sanyi ne kawai, shi ma yana yi masa. Kowa ya kawo hujja, ni kuma ina gyaɗa kai ga kowa, har wuyan ma ya gaji na tallafe haɓa da hannu.

Da muka shiga Damagaram na ga abin da ban saba gani ba. Mata na tuƙa babur da kansu, mayafi na kaɗawa, ba wanda ya ko waiwaya. Yara na yawo da wani burodi dogo kamar sanda a hammata. Kusa da tasha muka wuce wani gida, kiɗa na tashi, kwalabe a kan tebur a fili, kuma ga masallaci can gaba kaɗan cike da mutane. Alhaji Buba bai kalli gidan ba, ni ya kalla.

Mun sauka a gidan fatomansa, wato mai saukar da fatake in sun kawo dabbobi, wani dattijo mai fara'a, Alhaji Mutari. Ya karɓe mu hannu biyu-biyu. Aka kawo kilishi, wanda suke alfahari da shi, da dogon burodin nan, da naman rago. Duk abubuwan da ke son haƙori da muƙamuƙi. Na gutsuri kilishin, na yi ta juya shi a baki, ya ƙi tafiya gaba ya ƙi dawowa baya.

"Malam, abincinmu bai yi maka ba ne?" in ji mai gida. "Ko na Najeriya ya hi daɗi?"

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Alhaji Buba ne ya gaya masa ba na iya tauna in yamma ta yi. Mai gida ya yi salati, ya aika cikin gida aka dama mini kunu mai ruwa-ruwa. Shi ma da ƙyar ya wuce.

Washegari na tashi garau, har ni na yi musu kiran asuba a ƙofar gida, mai gida yana ta mamaki wai jiya kamar ba ni ba. Na sa babbar riga na ce mu tafi mu kama layi. Alhaji Mutari ya ce ina, baƙo ba ya fita gidansa bai sha shayi ba. Na ɗauka irin namu ne, a zuba a kofi ka kurɓe ka tashi. Ashe nasu aiki ne. An hura gawayi, an ɗora 'yar buta, ana zubawa daga sama ana mayarwa har ya yi kumfa, sannan a ba ka a ɗan kofin da bai fi babban yatsa ba. Na shanye na miƙe, aka ce zauna, wannan na fari ne. Akwai na biyu, akwai na uku, kuma tashi kafin na uku raini ne ga mai gida. Ina zaune ina kallon rana tana hawa, raina na tafasa fiye da butar.

Da muka isa asibitin layi ya yi nisa. Muka zauna, ana shiga ana fita, har ya rage mutum ɗaya a gabana. Rana na take tsakiya sai na ga an ja ƙofa an sa kwaɗo. Ma'aikata suka hau baburansu suka watse. Na tambayi na kusa da ni ko rasuwa aka yi. Ya ce a'a, hutun rana ne, haka ake yi kullum, ofis da kanti duk a rufe, sai wajen la'asar a dawo. Kafin in rufe baki marasa lafiya sun baza tabarmi a gindin itatuwa sun miƙe ƙafa. Gari guda ya kwanta barci da rana tsaka! A wajenmu wanda ya yi haka sai a ce malalaci ne ko mara lafiya, su kuwa har da likitocinsu.

Ni ban iya barcin ba. Ina zaune ina jin ciwon yana tahowa kamar yadda kake jin hadari. Ido ya fara sauka, itacen da ke gabana ya zama biyu. Da aka yi la'asar aka buɗe ƙofa, na riga na zama abin tausayi, yawu ma sai na sa hannun riga na goge. Na jawo Alhaji Buba, na yi ta fama har ya gane abin da nake cewa. Na ce mu koma masauki, gobe in yi sammako in zo da mutuncina, ba zan shiga gaban likita haka ba, balle an ce mace ce.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ladan, tun jiya da asuba ina tare da kai. Bayi ka shiga ina bakin ƙofa. Ban da ruwa da fura da kunu da shayin nan, babu abin da ya wuce maƙogwaronka. Kuma ga ka." Ya kama hannuna. "Wallahi haka za ka shiga. In ba ta ga wannan ba, me za ta gani?"

Likitar ba yarinya ba ce, siririya, da tabarau, Hausarta irin ta can. Ta ce in zauna in kalli yatsanta a sama kada in ƙifta. Ban jima ba idon ya rufe ruf. Ta tambayi sana'ata, Alhaji ya ce ladan ne. Ta ce, "To Malam, yi mini kiran salla, a hankali, kamar kana gida." Na ji abin banbaraƙwai, kiran salla a ɗaki, a zaune, gaban mace, kuma an riga an yi sallar. Na dai fara. Kabbarori suka fita da dama-dama, shahada ta farko ta fara lanƙwasa, kafin in gama ta biyu babu abin da ke fita sai iska ta hanci.

"Sauran likitocin da ka gani, da wane lokaci suka gan ka?"

Na nuna da hannu cewa da safe.

"Dukkansu?"

Na gyaɗa kai. Alhaji ya ƙara da cewa, ai Ladan ba ya yarda kowa ya riga shi layi.

Ta cire tabarau ta yi murmushi. "To ai lahiyayyen mutum ka riƙa kai musu. Mara lahiyar kana barin shi gida."

Shekara da shekaru ina ganin sammako shi ne hankali.

Ta aika aka sayo ƙanƙara a wajen mai sayar da ruwan sanyi a bakin ƙofa, ta naɗe a tsumma, ta ɗora mini a kan idon da ya rufe. Na zauna ina tunanin wannan wane irin magani ne, na baro Najeriya don a ɗora mini ƙanƙara. Da ta ɗauke, idon ya buɗe tangaran. Na ga Alhaji Buba shi ɗaya, ba biyu ba, baki a sake, yana ta maimaita innalillahi. To ga gaskiyar zancen ƙanƙara, ku da kuke tambaya: ba magani ba ce, gwaji ne, kuma ba a jima ba idon ya sake sauka.

Ta faɗi sunan ciwon da Faransanci, na maimaita sau biyu ya zame mini, har yau ciwon la'asar nake ce masa. Ta ce ba kasafai ake samun sa ba. Wai saƙon da jijiya ke kai wa naman jiki ne yake yankewa in an yi aiki, in an huta ya dawo. Na ce to me ya kawo shi? Ta ce jikina ne da kansa yake tare hanyar. Na ce jikina kuma, don me? Ta ce wannan ko su ba su gama sani ba. Na tambaya yaushe zan warke. Ta ce ba a cewa an warke, sai dai a zauna da shi lafiya, kuma mutane da yawa suna komawa aikinsu. Ta gargaɗe ni kada in yarda a yi mini allura ko a ba ni maganin zazzaɓi ban faɗi ciwona ba, kuma ranar da na ji numfashi na yi mini wuya in nufi asibiti ko da wane lokaci ne. Na fito ban san ko murna zan yi ba ko kuka.

Ƙwayar farko a bakin kantin magani na haɗiye ta. Muna hanyar masauki na ji muƙamuƙina ya dawo nawa. Muna shiga na ce wa Alhaji Mutari, da murya sosai, ina kilishin jiya? Ya dafe ƙirji ya ce, "Ikon Allah! Wa ya yi magana?" Ranar na ci har Alhaji Buba ya janye tiren.

Mun ƙara kwanaki tana gyara mini yawan maganin, domin da farko ya murɗa mini ciki ƙwarai. A hanyar dawowa Alhaji bai karɓi gorata ba. A Kongolam na nemi mai shayin nan don in gaishe shi da bakina, aka ce ya tafi ƙauye biki. Wannan ya ba ni haushi fiye da yadda ya kamata.

Da muka iso gida Alhaji Buba ya tara dattawa a zauren Liman ya ba su labari, har da kwatanta yadda ido ya buɗe. Liman ya ce alhamdu lillahi, ai dama ba wanda ya taɓa zargin Ladan da komai. Kowa ya ce ƙwarai kuwa, wa zai yi wannan tunanin? Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Na zo da niyyar in yafe wa mutane, na tarar babu wanda ya yi laifi. Har na fara tambayar kaina ko ni ne na ƙirƙiri abin a raina. Alhaji Buba dai kansa na ƙasa, yana wasa da carbi.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Akwai makon da zan yi garau, akwai ranar da zan tashi ido a sauke ba dalili. Maganin ba a samun sa a nan, sai an yi saƙo Kano ko Damagaram. Na koyi shan sa kafin abinci, na daina noman rana, na kuma koyi kwanciya bayan azahar, abin da na yi wa mutanen Faranshi dariya a kai. Magariba aka fara mayar mini, sannan lisha. La'asar ni da kaina na ce a dakata, domin ita nake tsoro.

Sai bayan kaka na ce zan gwada. Na tsaya gaban lasifika. Na ɗauko ta a hankali, ban ja ba kamar da. Wajen ƙarshe na ji muryar ta ɗan yi laushi, na tsaya na ja numfashi, na ƙarasa. Aka yi salla aka watse, ba wanda ya ce komai, kamar kullum haka ake yi.

Na koma gida na tarar da Hajara a tsaye a zaure, hannunta duk gari, ta baro tankaɗe. Idonta ya yi ja.

"Malam, na ji. Har ƙarshe na ji."

"To ai sai godiya ga Allah. Kukan na mene ne?"

Ta durƙusa. "Ka yafe mini. Lokacin nan, in ka tuɓe riga ka shiga wanka, ni ma nakan ɗauka in shinshina."

Na tsaya riƙe da takalmina.

"Me kika ji?" na ce.

"Hayaƙin magani. Kullum hayaƙin magani."

Na ce na yafe, tashi. Gaskiya ban sani ba ko a ranar na yafe ko sai daga baya. Duk garin nan ita kaɗai ce ta nemi gafarata, kuma ita kaɗai ce ban taɓa sawa a lissafi ba.